Tsayin dutse ba shi ne ma'aunin fim ba

Kowace shekara, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, tun kafin dusar ƙanƙara ta fara sauka a duwatsun Turai da na Amurka ta Arewa, kamfanonin da ke shirya fina-finan siki, wato wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, sukan fito da sababbin ayyukansu. A yi ta yawo da su gari-gari, daga Annecy ta Faransa har Banff ta Kanada, ɗakunan silima su cika maƙil. Bayan haka sai mujallun wasan su jera fina-finan da suka fi burge su a bana. Duk wanda ya jure karanta irin wannan jeri shekara biyar a jere zai lura cewa ma'aunin bai taɓa sakewa ba: mita nawa ne tsayin dutsen da aka diro daga kansa, yaya miƙewar gangaren take, sau nawa yaro ya wuntsila a sama kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Wannan ma'auni ƙarya yake faɗa a kan abin da ke sa ɗan kallo jin daɗi, kuma ƙarya ce da ake biyan kuɗinta da rayukan mutane.

Waɗanda suka kafa wannan sana'a ba haka suka ɗauke ta ba. Arnold Fanck, Bajamushe masanin duwatsu, shi ne ya fitar da Das Wunder des Schneeschuhs a 1920. A 1931 kuma ya yi Der weiße Rausch a garin Sankt Anton na ƙasar Ostiriya, fim ɗin da har gobe ake kallo. Labarinsa ba wani abu ba ne illa wasan guje-guje: gungun masu zamiya suna bin Hannes Schneider da Leni Riefenstahl a guje, suna faɗuwa, suna tashi fari fat kamar an tsoma su a buhun gari. (Ita Riefenstahl ɗin ce daga baya ta koma yi wa Hitler fim, amma wannan wani zance ne.) Shi kuwa Warren Miller, Ba'amurke, a lokacin sanyi na 1946 zuwa 1947 cikin wata ƴar tirela ya zauna a filin ajiye motoci na Sun Valley, yana ɗaukar abokinsa hoto da ƙaramar kamara. Ya fitar da fim ɗinsa na farko, Deep and Light, a 1950, ya kuma shafe shekaru yana bin garuruwa da kansa, ya tsaya gefen majigi yana ba da labari da bakinsa. A fina-finansa akwai gwanaye, ba shakka, amma abin da jama'a ke jira shi ne sabon shiga wanda kujerar igiya ta zubar, ya rasa inda ƙafarsa ta dama take. Miller ya rasu a 2018 yana da shekara 93, a kan gadonsa.

Al'amari ya soma juyawa a ƙarshen shekarun 1980. Fim ɗin Greg Stump na 1988, The Blizzard of Aahhh's, ya kai samarin Amurka uku, Glen Plake da Scot Schmidt da Mike Hattrup, zuwa kwazazzaban Shamoni a gindin Mont Blanc. Fim ne mai rai, domin mutanen cikinsa suna da hali, suna gardama, suna jin tsoro a gaban kamara. Magadansa suka ɗauki kwazazzaban, suka yar da mutanen. A 1991 aka buɗe gasar duniya ta zamiya mai haɗari a Valdez ta jihar Alaska, Doug Coombs ya lashe ta, daga nan jirgi mai saukar angulu ya zama uban gidan sana'ar. Kamfanoni irin su Matchstick Productions da Teton Gravity Research suka kafu a shekarun 1990, suka gano girkin da ake maimaitawa har yau: jirgi ya sauke mutum a kan tsini, kamara ta bi shi daga sama, a rage saurin hoton, a saka kiɗa mai ƙarfi, a tabbatar sunan kamfanin lemon kwalba ko na tufafi ya fito sosai a hular kwano. Mutum ya koma ɗigon tawada a kan farar takarda. Ba a ganin fuskarsa, ba a jin numfashinsa. In an sauya masa riga ko uwarsa ba za ta gane shi ba.

Matsalar wannan girki ita ce ba ya da inda zai dosa sai sama. Abin da ya ba da mamaki bara, bana ya zama ruwan dare, saboda haka dole a ƙara tsayi, a ƙara miƙewa. Shane McConkey, wanda kowa ya yarda yana cikin mafi hazaƙa da barkwanci a zamaninsa, ya kai ga diro daga bakin dutse da allunan zamiya a ƙafa, ya kwance su a sama, ya buɗe rigar fiffike, sannan ya saki lema. Ranar 26 ga Maris 2009, a duwatsun Dolomite na Italiya, ana cikin aikin ɗaukar fim, allo ɗaya ya ƙi kwancewa. Ya mutu yana da shekara 39, ya bar mata da ƙaramar ɗiya. Ranar 29 ga Satumba 2014 zaftarewar dusar ƙanƙara ta tafi da JP Auclair ɗan Kanada da Andreas Fransson ɗan Suwidin a dutsen San Lorenzo, kan iyakar Cile da Ajantina, su ma aikin fim ne ya kai su. Coombs kansa ya riga su, a Afrilun 2006, a La Grave ta Faransa, lokacin da ya leƙa neman abokinsa da ya zame. Ba a gaban kamara ya mutu ba, amma fim ɗin Steep na 2007, wanda aka yi hira da shi a ciki, sai da ya fito da ta'aziyyarsa.

Masu kare sana'ar suna da amsa, kuma amsar tana da nauyinta. Sukan ce waɗannan manyan mutane ne, ba wanda ya tura su, sun san dutse fiye da duk mai sukarsu, kuma da ba kamara ma da sun hau. Gaskiya ne ga wasunsu. Amma ɗan wasan da abincinsa ya rataya a kan yarjejeniyar shekara ɗaya da kamfani, wanda ya san in bai samu minti uku a fim ɗin bana ba wani yaro zai gaje shi baɗi, ba a cewa shi kaɗai ya yanke shawara ranar da jirgi ke jira, kuɗi na ƙonewa, dusar kuma ba ta zauna ba. Hausawa sun daɗe da sanin wannan ciniki: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya fi ciwo shi ne in kurar ta mutu, gardin ya sake yin wani fim a kan mutuwarta. Fim ɗin McConkey na 2013 yana taɓa zuciya ƙwarai, amma cikin waɗanda suka shirya shi akwai sashen fina-finai na Red Bull, kamfanin da tambarinsa ke kan mamacin. Mai jera fina-finan bana da ke ba da maki bisa tsayin dutse yana cikin cinikin nan, ko ya sani ko bai sani ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan masu wannan ma'auni ta fito ne daga Auclair kansa. Abin da duniya ta riƙe nasa ba wani tsini ba ne. Wani yanki ne na minti kamar biyar a cikin All.I.Can na 2011, wanda aka ɗauka a titunan ƙananan garuruwan yammacin Kanada, musamman Trail, garin da ke rayuwa da masana'antar narkar da ƙarfe. Sama ta yi toka-toka, dusar ta yi dauɗa, wani wurin ma babu ita. Auclair ya gangaro ta bayan gidajen ma'aikata, ya tsallake motar da aka ajiye, ya bi matakala, ya ratsa kwalta har allunansa na fitar da tartsatsi. Ba abin da zai kashe shi a nan, iyaka ya goge gwiwa. Duk da haka mai kallo ba ya iya ɗauke ido, domin yana ganin hankali na aiki: mutum ya dubi unguwar da kowa ke wucewa, ya ga hanya inda ba wanda ya gani. Haka abin yake ga Candide Thovex, ɗan La Clusaz, wanda ya karya bayansa a 2007 wurin wani babban tsalle. Gajerun fina-finansa masu suna One of Those Days, daga 2013 zuwa 2016, da kamara a kan hularsa aka ɗauke su, a filin zamiya na kowa da kowa, yana kutsawa tsakanin jama'a kamar ɗan akuya a kasuwa. Daɗinsu dariya ce da ɗorewar hoto. A wannan sana'a duk inda aka yanka hoto tsakanin tashi da sauka, mai ido ya san an ɓoye faɗuwa. Hoton da ya ɗore ba yanka shi ne shaidar gaskiya.

Akwai kuma waɗanda ma'aunin tsayi ba ya ƙidaya su sam. Ranar 6 ga Mayu 1970 Yuichiro Miura ɗan Japan ya zamo daga kafaɗar Everest da lema a bayansa tana rage masa gudu, ya yi kusan mita 2,000 cikin minti biyu da daƙiƙa ashirin, ya faɗi, ya tsira da ƙyar. Fim ɗin da aka yi a kai, The Man Who Skied Down Everest, na 1975, ya ci kyautar Oscar. A wannan tafiya ƴan ƙabilar Sherpa shida, masu dakon kayan ayarin, suka mutu a ƙarƙashin ƙanƙarar Khumbu. Fim ɗin bai ɓoye su ba, a yaba masa da wannan. Masu tuna fim ɗin ne ke tsallake su, su tafi kai tsaye ga minti biyun.

Ita kanta dusar tana ƙarewa, kuma fina-finan kaka suna yi kamar ba su ji ba. Daskararriyar ƙanƙarar duwatsun Suwizilan ta rasa kashi 10 cikin 100 na yawanta a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. A Fabrairun 2020, a Luchon-Superbagnères cikin duwatsun Pirene, sai da aka yi jigilar dusa da jirgi mai saukar angulu don a rufe ƙasar da ta tsiraita. Faransa ta hana sauke masu zamiya a kan duwatsu da irin wannan jirgi tun dokar 1985, sai masu fim suka ƙetara inda aka yarda. Jeremy Jones, mai zamiya da allo guda, ya nuna akwai wata hanya: ya kafa ƙungiyar Protect Our Winters a 2007, kuma a Deeper na 2010 ya hau duwatsun da ƙafarsa, ya kwana a tanti. Fim ɗin bai rasa komai ba. Wahalar hawan ce ma ta ba saukar ma'ana.

Saboda haka wanda ke neman fina-finan siki da suka cancanci so, sau da yawa sai ya fita daga rumfar kamfanonin. Masu kallon tashoshin Faransa sun san Les Bronzés font du ski na Patrice Leconte, 1979, wanda aka ɗauka a Val d'Isère shekara guda bayan na farkon da aka yi a Assinie ta Kodibuwa. Ba gwani ko ɗaya a cikinsa. Abin da ya rage a zukata shi ne Michel Blanc da aka manta shi a kan kujerar igiya, dare ya yi masa, yana rera waƙa don kada sanyi ya kashe shi. Ruben Östlund ɗan Suwidin da fina-finan zamiya ya fara sana'a a shekarun 1990, kuma ɗorewar hoton nan ce ya kawo cikin Force Majeure na 2014: iyali na cin abinci a barandar gidan abinci, dusa ta zaftaro, uban ya suri wayarsa ya arce ya bar mata da ƴaƴa biyu. Ƙura ta lafa, ba wanda ya ji ciwo, ya dawo ya zauna. Sauran fim ɗin duk a kan wannan zaman ne, kuma tsoron da ke ciki ya fi na kowane tsinin Alaska.

Dutse kuma yana da gindi, inda kamarar jirgi ba ta leƙawa. Tun daga lokacin sanyi na 2017, samarin Afirka ta Yamma, da yawansu ta Agadas suka bi, suna ƙetarowa daga Italiya zuwa Briançon da dare, ta Montgenèvre, a gefen filayen da masu hutu ke zamiya da rana, wasu da takalman roba, har sanyi ya cinye wa wasu yatsu. Ba za a ga wannan a jerin bana ba. Wadda ta dubi dutse daga ƙasa ita ce Ursula Meier, a L'Enfant d'en haut na 2012, wanda ya samu kyauta ta musamman a bikin Balin. Simon yaro ne ɗan shekara goma sha biyu, yana zaune a wani dogon bene na talakawa a kwarin Valais ta Suwizilan tare da Louise, wadda yake kira yayarsa. Kullum sai ya shiga keken igiya ya hau wurin masu kuɗi, ya saci alluna da tabarau da safar hannu, ya sauko ya sayar su ci abinci. Ya san farashin kowane allo, ba a taɓa ganin ya yi wata bajinta a kansa ba. Da lokacin ya ƙare ma'aikata suka watse, dusa ta narke, ya kwana shi kaɗai a sama. Da safe yana saukowa a keken igiya, sai ga wani keken yana hawa, Louise a ciki tana nemansa. Suka ga juna ta gilashi, igiya ta wuce da kowa inda ta nufa.