"Na ji sauƙi" ba shaida ba ce

Na san wasu za su ce tunda na fara digiri na biyu na fiye iyayi. Ku faɗa, amma ku karanta tukuna.

Makon jiya a asibiti muka kwana da wani ƙaninmu ɗan aji biyu. Asma gare shi tun yana gida. Wani a zaurenmu na WhatsApp na ɗaliban Arewa ya tallata masa wani ruwan magani a gora, ba suna, ba lambar NAFDAC, wai yana wanke ƙirji. Ya sha kwana uku, ya ce wallahi ya ji sauƙi, ya jefa abin shaƙarsa ƙasan akwati. Daren da aka yi ruwan nan mai iska, ranga-ranga muka fita da shi. Ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Abin da ya ƙona min rai, washegari mai gorar ya rubuto cewa: "Ai shi da bakinsa ya ce ya ji sauƙi."

E, ya faɗa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, nan matsalar take.

Likitoci na da suna ga wannan abu, filasibo suke ce masa: a ba ka ƙwaya ko ruwa wanda babu sinadarin magani a ciki, ka sa rai zai yi aiki, sai ka ji dama-dama. Ba ruɗu ba ne. A 1978 a Amurka an gwada da mutanen da aka cire wa haƙori. Aka ba su maganin wofi, wasu zafi ya ragu. Da aka yi musu allurar nalokson, wadda ke toshe aikin sinadaran kashe zafi da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, sai zafin ya dawo. Wato sa rai kaɗai kan sa jiki ya saki nasa maganin.

To amma iyakarsa ina? A 2011 masu bincike a Harvard suka gwada da masu asma. Wani lokaci a ba su abin shaƙa na gaske, wani lokaci na wofi. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka auna numfashinsu da na'ura kuwa, na gaske ya ƙara shi da kusan kashi 20 cikin ɗari, na wofi kashi 7, daidai da ranar da ba a ba su komai ba. Baki ya ce an warke, huhu na nan a cushe. Abin da ya kusa kashe ƙaninmu ke nan.

Kuma kar mu yi ta zagin mai gora, mu ma da namu. Mu ne fa da kai ya sara lokacin jarrabawa sai kemis ɗin Sabo, "Malam, a yi min allura, ƙwaya ba ta yi min." Wani ma sai an yi masa ƙarin ruwa hankalinsa ke kwanciya. Ba gwajin jini, ba komai, an yanke hukunci maleriya ce da taifot. Alhali tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin maleriya. Sau da yawa rashin barci ne, da gari da suga sau biyu a rana, da fargabar malamin da ya riƙe maka aiki wata uku. (Wannan na ƙarshen da kaina nake.) Ka sha allura, ka kwanta awa goma, ka tashi garau, ka ce allura ce. Barcin fa?

Na roƙi masu kula da zaure su goge duk tallan maganin da ba shi da suna da lamba. In sun ƙi, duk wanda ya sa, ni zan bi shi da tambaya a bainar jama'a: mene ne a ciki, wa ya auna? Ƙaninmu kuma mun haɗa masa kuɗin sabon abin shaƙa, saura kuɗin gado na kwana biyu. Mai niyya ya same ni bayan la'asar.