Cinikin Biri a Sama: Tsokaci ga Masu Sayen Hannun Jari a Malanville

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Malanville ya san ba a yi wa ɗan kasuwar garin nan wayo a kan haja. In an kawo masa albasar Galmi, sai ya sa an kwance bakin buhu, ya tura hannu har ƙasa, domin ya san manya ake jerawa a sama. In shinkafa ce, sai ya ɗiba ya murza a tafi, ya shinshina. Amma wannan mutumin, da zarar an turo masa saƙo a WhatsApp cewa hannun jarin kamfani kaza zai ninka kafin Sallah, sai ya tura sefa dubu ɗari biyar ba tare da ya yi tambaya ko ɗaya ba. Abin da ke ba ni takaici ke nan. Hankalin da yake kai wa buhun albasa, me ya hana shi kai wa dukiyar da ya tara shekara goma?

Mutanen Benin ba su da uzurin rashin sani. A 2010 kamfanin ICC Services ya rushe da ajiyar dubban jama'a, kuɗin da suka haura sefa biliyan 100, bayan ya yi alkawarin ribar da babu sana'ar da ke bayar da ita. Kuɗin sabbin shiga ake biyan tsofaffi da su. Sai a 2019 kotun CRIET ta ɗaure jagororinsa. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun sha irin wannan ɗacin da MMM a 2016. Duk waɗannan ba hannun jari suka sayar ba, alkawari suka sayar, mu kuwa muka saya don ba mu koyi bambance su ba.

Hannun jari yanki ne na mallakar kamfani. Kasuwarsa a yankinmu ita ce BRVM, mai hedikwata a Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, kuma ta haɗa ƙasashe takwas masu amfani da sefa, ciki har da Benin da Nijar. A cikinta ake cinikin hannayen Sonatel na Senegal, da BOA Bénin, da BOA Niger. Ba a saye sai ta hannun dillalai masu lasisi da ake kira SGI, waɗanda hukumar AMF-UMOA ke sa wa ido. Saboda haka binciken farko mai sauƙi ne: shin sunan kamfanin yana cikin jerin BRVM? Shin mai karɓar kuɗinka yana cikin dillalan da hukuma ta amince da su? In amsa ɗaya ta zama a'a, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Daga nan sai ka tambayi abin da kamfanin ke sayarwa. A ƙarshen 2024 kamfanin Loterie Nationale du Bénin ya shiga BRVM. Halastacce ne a dokar ƙasa, amma sana'arsa caca ce. Musulmin da ya saya don kawai ya ji ana yabon ribarsa, ya zama mai rabo a abin da ba zai yarda ya buɗe shagonsa ba. Haka bankunan da ke cin riba daga kuɗin ruwa: ka san matsayinka a kansu tun kafin saye.

Sannan ka buɗe buhun. Kowane kamfani da ke kasuwar dole ne ya wallafa rahoton kuɗinsa na shekara, kuma ana samunsa kyauta a shafin BRVM. Ka duba shekara uku zuwa biyar a jere: cinikinsa ƙaruwa yake ko raguwa? Nawa ya rage bayan an cire kashe-kashe? Nawa ake binsa bashi? Yana raba wa masu hannu riba a kai a kai? In ka sayi hannu ɗaya a sefa 5,000 aka raba maka 400 a shekara, ka samu takwas cikin ɗari ke nan. Auna wannan da abin da jarin zai kawo maka in ka juya shi a rumfarka. In Faransancin rahoton ya yi maka nauyi, ka zaunar da ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka, kamar yadda kake sa shi karanta takardar kwastan.

Wasu za su ce duk binciken nan ba ya hana faɗuwa. Gaskiya ne, kuma mu muka fi kowa sani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya, manyan motoci suka yi layi, kaya suka lalace, aka koma tsallaka Kwara da jiragen ruwa. Babu rahoton da ya hango wannan. Amma wanda ya zuba dukiyarsa duka a kan gadar ya fi kowa kuka. Don haka ka raba jarinka a kamfanoni masu sana'a daban-daban, kada ka sa kuɗin cefane ko na makarantar yara, kada kuma ka ci bashi don ka saya.

Ina kira ga 'yan uwana na Malanville da Gaya: duk wanda ya zo muku da ribar da ba ta da faɗuwa, yana kuma gaggauta ku ku biya yau, ku nemi sunan kamfani, da lasisin dillali, da rahoton shekara uku. Mai haja ta gari ba ya jin haushin a kwance masa buhu.