Kafin ku saya wa yaro kwamfuta, ku nemi ƙugiya

Kwamfutocin da ke zuwa hannunmu a Guci da sauran garuruwan Dungas da Magarya iri biyu ne. Akwai masu madannai na AZERTY, tsarin Faransa, irin na ofisoshin gwamnati. Akwai kuma masu QWERTY, yawancinsu na hannu, waɗanda ƴan kasuwa ke ɗaukowa daga Kano. Iyaye da dama na gudun na biyun, wai ba su da é da è. Ni kuwa su nake ba malamai da iyaye shawarar saye.

Ku dubi inda yatsu ke hutawa. A AZERTY, ƙaramin yatsan hagu yana zaune ne kan q, harafin da Hausa ba ta da aiki da shi ko kaɗan, shi kuwa a, wanda da wuya a gama kalma ba a taɓa shi ba, an kai shi layin sama. A QWERTY, a ne ke ƙarƙashin yatsa. Ga malamin da ke buga jarrabawar aji guda da dare, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Babban abin dai shi ne ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Babu su a zane a kan ko ɗaya daga cikin biyun, shi ya sa muke ganin takardun makaranta an rubuta "sarki ya shiga fada", ba a san ko gidansa ya koma ko dambe ya tsunduma ba. Babba zai gane da ma'ana. Ɗan aji biyu da ke haɗa baƙi da wasali, abin da ya gani shi zai ɗauka. Tun 1973 aka fara koyarwa da Hausa a makarantar gwaji a Damagaram, a 1999 gwamnati ta tsaida ƙa'idar rubutu, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Bayan duk wannan, rubuta "kasa" a wurin "ƙasa" sakaci ne.

Maganin yana cikin na'urar, kuma kyauta ne. Windows na da tsarin madannai na Hausa: a riƙe AltGr a danna k, sai ƙ ta fito. An gina shi ne a kan QWERTY; in aka ɗora shi a kan AZERTY, yaro zai danna a ya ga q. A waya kuwa, a sa Hausa cikin Gboard, a daɗe kan harafin.

Faransanci fa? Ba a rasa shi ba. Ana ƙara tsarinsa a gefe, a sauya lokacin da ake bukata. Ranar ciniki, ku ce wa mai shago ya buga "ƴaƴan ɓauna" a gabanku kafin ku ƙirga masa kuɗi.