Ɓarawon mota a fim daban, a Garki daban

Akwai wani tsohon fim ɗin barkwanci na Amurka mai suna Grand Theft Auto. Ba wasan kwamfutar da yaranmu ke bugawa ba, wannan tun 1977 ya fito, kuma shi ne fim na farko da Ron Howard ya ba da umarni. Budurwa ce iyayenta suka hana ta saurayinta don suna so ta auri ɗan masu kuɗi, sai ta ɗauke Rolls-Royce ɗin mahaifinta, ita da saurayin suka nufi Las Vegas a ɗaura musu aure. Aka sa lada ga wanda ya kamo su, gari ya ɗauka, motoci suna ta karo da juna. Yana da ban dariya, ba na musu.

Amma jama'a, abin da ya sa dariyar ta yiwu shi ne mai motar attajiri ne. In ta tafi, gobe ya sayi wata.

A nan Garki wa ake ɗauke wa mota? Ma'aikacin da ya yi shekaru yana adashe kafin ya sayi tsohuwar Corolla, ko direban tasi da bai gama biyan mai motar ba. Ya ajiye ta a Area 1 ko bakin kasuwar Garki, ya shiga ya fito, babu ita. Ranar nan kuɗin makarantar yara ya tafi tare da ita, da na cefane.

Ga inda da yawanmu ke ruɗuwa. Inshorar dole da muke yanka, wadda hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ɓarnar da ka yi wa wani a hanya take biya. Ba ta biyan sata, ko kwabo. Cikakkiyar inshora ce ke biya, ita kuma tsadarta ta fi ƙarfin yawancinmu.

Shi ya sa nake ganin ƙungiya ta daina barin kowa da Allahnsa. A ranar Juma'a da wajen ɗaurin aure, a ɗauki matasan unguwa biyu su tsaya kan motoci, a biya su daga asusunmu. Kowa kuma ya ajiye hoton takardunsa da lambar injin da ta jikin mota a waya, ba a cikin motar ba, domin su 'yan sanda za su fara tambaya. In an kama wanda ake zargi, a miƙa shi ofishinsu da ransa da lafiyarsa.