Kada Tara Ta Zama Gonar Ɗan Sanda

Jama'ar Zango, akwai maganar da nake yawan ji a majalisun Mamobi da Nima: wai a bar wa 'yan sandan MTTD wani kaso na tarar da ake cin direbobi, su sayi mai da motoci, ko sa rage karɓar na goro. Ban yarda ba ko kaɗan. Wannan ba wa kura ajiyar nama ne.

A Gana gwamnatin ƙasa ce ke biyan 'yan sanda, ba majalisar gari ba, kuma gara haka. Ku dubi Ferguson, wani ƙaramin gari a jihar Missouri ta Amurka. Binciken Ma'aikatar Shari'a na 2015 ya gano shugabannin garin suna matsa wa 'yan sanda su yawaita takardun tara, har kasafin shekarar ya ɗora sama da kashi 20 cikin 100 na kuɗin shiga a kanta. Talakawa baƙar fata ne suka biya, waɗanda suka kasa kuwa wasunsu suka kwana a kurkuku.

To, a Ankara wa zai biya? Mai V8 da jiniya ai ba ya tsayawa. Direban turoturo ne a Nima Highway, da ɗan okada wanda dokar 2012 ta mayar da neman abincinsa laifi shekara da shekaru. Ƙannenmu ne, 'ya'yanmu ne.

A 2023 'yan sanda sun ƙaddamar da Traffitech-GH, kyamara ta kama mai laifi, tara ta iske shi a waya. Madalla, kyamara ba ta cin goro. Amma a gaya mana asusun da kuɗin ke shiga, da wanda ke zaɓen titin da za a kafa ta.