Satiru: Yunwa da Bauta Ne Suka Riga Mahadi Zuwa

A ranar 14 ga Fabrairu 1906, mutanen wani ƙauye mai suna Satiru, kimanin mil 14 daga birnin Sakkwato, suka fito da gatura da fartanyu da kwari da baka suka tarwatsa rundunar sojan doki ta Ingila. Sun kashe Turawa uku, muƙaddashin Razdan Hillary da mataimakinsa Scott da Laftanar Blackwood, tare da sojoji 25, suka kuma ƙwace bindigar nan mai aman harsashi, Maxim. Shekara uku ke nan da faɗuwar Sakkwato, Turawa na ganin ƙasa ta kwanta. Bayanin da suka bayar mai sauƙi ne: wai zafin addini ne ya kwashi jahilai. Wannan bayani bai isa ba. Abin da ya tayar da Satiru shi ne mamayar da ta ɗora wa talaka sabon ubangida ba tare da ta sauke masa tsohon ba, kuma mu da ke zaune tsakanin Kuseri da Garwa muna da hujjar haka a tarihin ƙasarmu.

A duba su wane ne mazauna Satiru. Talakawa ne da malaman ƙauye da bayin da suka gudo daga gandayen masu sarauta. Gwamna Lugga ya yi shelar hana bauta a 1901, ya ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma bai so bayi su watse daga gonaki ba, don ya san da gumin bawa sarakunan da yake son mulki da su ke tsaye. Sai aka bar bawa a tsaka mai wuya: an gaya masa ba a sayar da shi, amma in yana son kansa sai ya biya fansa, in ya gudu kuma ba gona ba mafaka. Ga haraji, wanda a da ake bayarwa da sunan zakka da kuɗin ƙasa ga shugaban Musulmi, yanzu hakimin jiya ne ke karɓa, amma rabo na tafiya baitulmalin Nasara. Mutanen Satiru sun ƙi biya, sun kuma ƙi mayar da bayin da suka fake da su. Waɗannan biyun su ne laifinsu tun kafin a ɗaga gatari.

Za a ce ai da sunan Mahadi suka yi yaƙi, kuma gaskiya ne. Malam Maikaho ya yi da'awar Mahadiyya a 1904, ya mutu a tsare a Sakkwato, ɗansa Malam Isa ya gaje shi, sannan Ɗan Makaho, malami Bazabarme, ya iso daga ƙasar Dosso bayan Faransa ta murƙushe boren Kobkitanda. Ba mai musun cewa imani ne ya sa mai fartanya ya tunkari bindiga. Amma jiran Mahadi ba na Satiru kaɗai ba ne. Tun shigowar shekara ta 1300 ta Hijira zancen ya cika ƙasar Hausa da Adamawa, har cikin gidajen sarauta. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, a Balda kusa da Marwa ya kafa tutarsa kafin ya haɗu da Rabe. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya gabas ya nufa da jama'arsa har aka kashe shi a Burmi a 1903. In da aƙida ce kaɗai ke tayar da mutane, da fadawa da hakimai sun bi Satiru. Ba su bi ba, su ne ma suka hau dawakai suka taya Turawa. Abin da ya raba su da mutanen ƙauyen shi ne wanda sabon tsari ya bar wa rawaninsa da wanda ya bar wa sarƙarsa. Addini ya ba talaka sunan abin da ke damunsa, wato zalunci, ya kuma yi masa alkawarin ƙarshensa.

Hujja mafi ƙarfi tana nan gida. Ingila ba ta mallaki Garwa ba a lokacin, Jamus ce, bayan hafsanta Dominik ya karya Lamiɗo Zubairu a 1901. Kuseri kuwa a nan Faransa ta kashe Rabe a ranar 22 ga Afrilu 1900. Duk da haka, a watan Yuli na 1907, shekara guda da 'yan watanni bayan Satiru, Goni Wadai ya tara jama'a ya nufi Garwa, Mal Alhaji kuma ya tashi a yankin Marwa, dukansu da sunan Mahadi, dukansu suna zargin lamiɓen da suka miƙa wuya. Turawa iri uku, harsuna uku, tutoci uku, amma cikin shekara biyu bore iri ɗaya ya ɓarke a ƙasar kowannensu. Ba halin Baturen Ingila ne sanadi ba ke nan. Sanadin shi ne dabarar da dukansu suka yi amfani da ita: a ci ƙasa da bindiga, a mayar da sarki kan gadonsa, a sa shi tara haraji da ma'aikatan tilas.

Akwai masu kare sarakuna da cewa sun zaɓi ƙaramar masifa ne, don da Sarkin Musulmi Attahiru na biyu ya goyi bayan Satiru da Sakkwato ta zama toka. Wannan magana tana da nauyi, kuma abin da ya faru a Haɗeja cikin Afrilun shekarar, inda aka kashe sarki a garinsa, ya nuna tsoron ba na banza ba ne. Sai dai tsoro na iya sa mutum ya kame hannunsa, ba ya sa shi yin abin da aka yi ranar 10 ga Maris 1906. An kashe mutum wajen 2,000, mahayan Sakkwato suka bi masu gudu cikin daji, aka raba mata da yara kusan 3,000, da yawansu suka koma hannun iyayengiji, aka rushe garin, Sarkin Musulmi ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Gwamnatin da ta ce ta zo hana bauta ce ta tsaya aka yi wannan. Har a Landan abin ya tayar da hankali, Churchill da ke ofishin mulkin mallaka ya nuna ƙyamarsa, amma ba a hukunta kowa ba.

Daga ranar Turawa suka gane cewa tsaronsu na hannun sarakuna, sarakuna kuma suka gane nasu na hannun Turawa. Wanda aka yi shakkar biyayyarsa aka tuɓe shi, kamar yadda aka yi a Gwandu da Katsina a shekarar, wanda ya tsaya aka ƙara masa iko a kan talakawansa. Mulkin da aka yi shekara hamsin da wani abu ana yi ta hannun en'e, a kan gawarwakin Satiru ya kafu. A kudancin Kamaru ana tunawa da Duala Manga Bell da Martin-Paul Samba, waɗanda Jamus ta kashe a 1914, kuma sun cancanta. Ya kamata yaron da ke makaranta a Kuseri ko Garwa ya san Goni Wadai da Mal Alhaji da mutanen Satiru haka nan, a kuma gaya masa dalilin tashinsu da harajinsa da bautarsa.