Farin harshe ba shi ne sida ba

Jama'ar Gure, masu saurarenmu, yau da kanmu za mu yi. Da an ga fari ya rufe harshen mutum, sai raɗa ta tashi: "Ai sida ce." Daga nan a daina cin tuwo da shi, wata ma aurenta ya mutu.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo farin wata ƙwaya ce dangin yis na burodi, likitoci na ce mata Kandida. Tana zaune lafiya lau a bakin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya. Sai garkuwar jiki ta yi rauni take yaɗuwa. Shi ya sa ake ganinta ga jarirai, masu ciwon suga, da wanda ya daɗe yana shan antibiyotik. I, da mai sida ma.

Kuma ba iri ɗaya ba ce. A 1995 masu bincike a Dublin ta ƙasar Ailan sun gano wani sabon iri a bakin masu sida. Wani irin, kamar Krusei, maganin fluconazole ba ya kama shi. To ta yaya mai tallar magani a kasuwa zai san wanne ne a bakinka?

Ido ba ya awon jini. Wanda farin ya ƙi tafiya, ya je CSI ko asibitin gundumar Gure a duba shi. In sida ce, maganin ARV kyauta ne a Nijar. Mu kuwa, mu kama bakinmu.

Allah ya ƙara mana lafiya.